Kwale-kwalen Da Ke Kife A Bayan Gida

Makon jiya da muka tattauna kan sana'o'in da samarinmu ke kamawa idan aikin gona ya ƙare, wata baiwar Allah daga wajen Karkarna, a ƙaramar hukumar Yankwashi, ta rubuto a wurin sharhi. Ta ce kwasar adashinta biyu ta haɗa wa ɗanta, ya sayi tsohon kwale-kwale da ɗan inji na hannu, yana zuwa su a dam ɗin Kazaure. Tun daga ranar, in ji ta, ba ta ƙara yin barci mai nauyi ba. Tambayarta ita ce: ita da ba ta taɓa shiga ruwa ba, me za ta iya yi ban da addu'a?

Yaya, addu'a ita ce gaba da komai, kada ki fasa. Amma akwai aikin da idonki zai iya, domin rabin gyaran jirgi a tudu ake yin sa, sau da yawa ma a tsakar gida. Kawuna masunci ne, a gidansa na yi wani ɓangare na ƙuruciyata, kuma matarsa, wadda ko bakin dam ba ta zuwa, ita ce ke fara gane cewa jirgi ya soma lalacewa.

Mu fara da gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Mu mutanen Kazaure, Roni, Gwiwa, Yankwashi da Babura, yawancinmu ba mu gaji su ba kamar mutanen Yawuri ko Argungu. Noma da kiwo muka sani. Madatsun ruwa ne suka kawo wa da yawa daga cikinmu wannan sana'a: na Kazaure, na Gari, na Tomas can wajen Dambatta, da na Watari a Bagwai. Saboda haka yaro yakan sayi jirgi bai taɓa ganin mahaifinsa yana toshe tsaga ba, a wurin abokai yake koyo, su ma jiya suka fara. Ba wanda ya manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Bagwai ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su wajen Mauludi, aka rasa aƙalla rayuka 29. Allah ya jiƙan su. Ruwan dam da muke gani lif kamar ba ya motsi, ba ya bambanta ɗan wa ya hau.

Yanzu muna ƙarshen rani, kuma yanzu ne lokacin duba katako. Hunturu da zafin bazara sun busar da shi, allunan sun tsuke, mahaɗarsu ta buɗe. Jirgin da aka ajiye lafiya lau a watan Disamba zai iya zama rariya a watan Mayu ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ga dabarar matar kawuna: bayan sallar isha a kife jirgin a kan tsofaffin tayoyi, a tura ƙaramin yaro ƙarƙashi da tocila mai haske, ke kuma ki zagaya ta waje. Duk inda haske ya ɓullo, nan ruwa zai shiga. Ki sa alama da gawayi. Da safe a ɗauki ƙusa ko sukundireba a riƙa danna katakon, musamman ta ƙasa da kusurwoyi da inda kujerun zama suka haɗu da bango. Inda ƙarfe ya nutse kamar a cikin dafaffen rogo, wannan allon ya ruɓe ko gara ta cinye shi ta ciki, kuma kwalta ba za ta yi masa magani ba. Sai kafinta ya sauya shi. A nan ne samari ke yaudarar kansu: su shafe ruɓaɓɓen katako da kwalta ya yi baƙi sumul, a ido kamar sabo.

Tsaga ƙarama kuwa aikin gida ce. A kankare tsohuwar kwaltar, a bar wurin ya bushe sarai, a murɗa tsumman auduga a cusa cikin tsagar da bakin ƙarfe marar kaifi har ya zauna daram, sannan a bi da narkakkiyar kwalta. Idan ramin ya ɗan yi faɗi, a ɗora falle na kwano a buga da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa, da kwalta a ƙarƙashinsa da samansa. Duk ƙusar da ta yi tsatsa har kanta ya cinye, a buga sabuwa a gefenta. Roƙona a nan: kada a narka kwalta a murhun girkinki, kada kuma a yi yara na wasa a kusa. Ko ɗigon ruwa ya faɗa cikin tafasasshiyar kwalta, fantsama take yi, kuma idan ta manne a fata ba ta fita da sauƙi. Bayan an gama, a sa jirgin a ruwa marar zurfi ya kwana ɗaya ko biyu ba kaya, katakon ya sha ruwa ya kumbura, a ga abin da ya tara. Jirgin da ke tara bokiti biyu a dare ɗaya bai shirya ɗaukar ɗan kowa ba.

Me ya sa na damu da ɗan ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka biyu masu lita 25 nauyin babban yaro ke nan, kuma wannan fasinja ba ya zama wuri ɗaya. Da jirgi ya ɗan karkata, duk ruwan sai ya kwarara wancan gefen ya ƙara danna shi. Shi ya sa kwanon kwarfe ruwa ba abin raini ba ne. A yanka tsohon galan, a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi don kada ya ɓace.

To, sai inji, inda kuɗin adashin ya fi nutsewa. Yawancin ƙananan injunan da ake ɗaura wa jirage a wurarenmu, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 15, ba su da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota. A cikin fetur ake gauraya man. Ma'aunin da aka fi sani shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5, sai dai idan rubutun jikin injin ko littafinsa ya faɗi wani abu daban. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, na lura samari na tsimi ta inda bai kamata ba. Wani ya rage man, wani ya zuba juyayyen baƙin man mota, wani kuma ya auna da ido. Idan mai ya yi kaɗan, inji zai ci kansa ta ciki, wata rana ya ƙame tsakiyar ruwa. Idan ya yi yawa, hayaƙi da toshewar fulogi. Man da aka yi don injin jirgi yana ɗauke da alamar TC-W3 a jikin robar. Ki samo masa kwalbar maganin tari ta yara da aka wanke ta bushe, mai layin awo, ki ɗaure ta a hannun jarkar. Ƙaramin abu ne, amma ya raba gardama.

Fetur ɗin 'yan bumburutu ma sai an lura. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye minti goma. Idan akwai ruwa a ciki za ki gan shi ya kwanta a ƙasa, domin ya fi fetur nauyi. Kuma tun da a gidanki ake ajiye jarkar, ke ce mai iko da inda za ta zauna: nesa da madafa, nesa da ɗakin kwana, ba a cikin robar lemo ba, don yara na ɗauka abin sha ne.

Abu ɗaya da nake so kowace uwa ta haddace shi ne fitsarin inji. Haka masunta ke kiran siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayan inji idan an tayar da shi. Ruwan dam inji ke zuƙa ya sanyaya kansa, ta hanyar wata 'yar farfelar roba da ke cikin ƙafarsa, kuma wannan tsartuwar ita ce shaidar tana aiki. Idan ba ta fito ba, a kashe nan take. Wani lokaci laka ce ko zanzaro ya yi gini a bakin ramin, siririyar waya ta isa. Wani lokaci leda ce ko ciyawa ta toshe mashigar ruwan ta ƙasa. Idan an duba waɗannan ba a ga komai ba, robar ce ta mutu, sai makaniki. Ana son a sauya ta kusan duk shekara ga mai aiki kullum. Abin da ke saurin kashe ta shi ne tayar da inji a tudu ba ruwa, ko da na ɗan lokaci ne, don a burge abokai da ƙara. Idan za a gwada a gida, a cika durom da ruwa a tsoma ƙafar injin, kuma a fili, ba a cikin ɗaki ko zaure ba. Hayaƙinsa ɗan'uwan na janareta ne, kun kuwa san abin da wannan ya yi wa gidaje.

Na taɓa ganin kawuna ya yi asarar da ta sa shi sayar da tumaki biyu saboda zaren koma. Zaren ya naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya yi ta cin robar da ke tare ruwa har ruwa ya shiga cikin giya. Da wani makaniki ya kwance, man da ya fito fari ne kamar kunun gyaɗa. Da ana cire farfelar duk mako a warware abin da ya naɗe, a shafa giris a mayar, da ba a kai nan ba. Aikin minti goma ne, sai dai a fara zare wayar fulogi kafin a sa hannu kusa da farfela. Fulogin ma yana magana: idan bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya, baƙi mai danƙo, mai ya yi yawa, fari fat, inji na zafi fiye da kima. Jakar da yaro zai fita da ita kada ta rasa fulogi na biyu, sifanar kwance shi, filaya, da 'yan filolin riƙe farfela. Kusoshin da ke maƙale inji a katakon baya kan saki saboda jijjiga, don haka a ɗaure injin da igiya mai ƙarfi a jikin jirgi. Masunta da yawa na da labarin injin da ya sulale ya tafi ƙasan dam ana kallo. Akwai kuma 'yar jar igiyar nan da ake saƙalawa a hannu, wadda ke kashe inji idan matuƙi ya faɗa ruwa. Samari na cire ta wai tana takura musu. Ki tambaye shi ina take.

A ƙasashen Turawa tirela suke ja da mota su kai jirgi bakin ruwa. Tamu tirelar amalanke ce, ko a-kori-kura idan za a sauya dam. Ka'idar ɗaya ce: a duba iskar taya, a sa wa boris giris, musamman idan an saba tura amalanken cikin ruwa, a shimfiɗa tsofaffin tayoyi kafin a ɗora jirgi, a ɗaure gaba da baya. A sauke inji tukuna, a bar ruwan cikinsa ya tsiyaye, a kwantar da shi kansa ya fi ƙafarsa tudu. Jirgi da yawa a kan hanya suke tsagewa, gargada ta buɗe abin da aka toshe jiya.

Na bar maganar rigar kariya sai yanzu domin na san amsar da za a ba ki: "Umma, ai na iya ruwa." Wanda jirgi ya buge shi a ka, ko koma ta harɗe masa ƙafa, iya ruwansa ba ya amfani a wannan minti. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa rigar, ta kuma hana tafiyar dare a ruwa, amma jami'inta ba ya tsaye a ƙofar gidanki, ke ce a tsaye. Idan za ki saya, ki sa ya saka ya ɗaure, ki kama ta kafaɗu ki ja sama. Idan ta wuce kunnuwansa ta yi masa yawa, a ruwa za ta zame. Kafin kuɗin su samu, a ɗaura jarka biyu da ba komai ciki, masu murfi mai kyau, a cikin jirgi, yadda masuntan da ke rungumar gora. Maneji ne kawai, ba ta kai riga ba. Filafili kuma kada a bar shi a gida don an sami inji.

Ra'ayina, wanda na san wasu ba za su so ba: jirgin su na su ne. Ranar kasuwa ko biki, za a zo a roƙi ɗanki ya tsallakar da mutane, a ce ai kusa ne, ga ɗan abin mai. Jirgin da aka ƙera don mutum biyu da koma, idan aka loda masa mutum takwas da buhuna, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ba za ta wuce faɗin tafin hannu ba, iska kaɗan ta farkon damina ta isa. Yaro yana jin nauyin cewa a'a ga manya. Ki ba shi abin fakewa, ya ce mahaifiyarsa ta hana, kuma ita ta sayi jirgin.

Yaya ta Karkarna, ki gwada dabarar tocilar nan a wannan makon, ki rubuto mana a wurin sharhi wurare nawa haske ya fito. Matan masunta na wajen Haɗeja da Yawuri da ke karanta mu, kun fi mu sanin wannan fanni. Idan akwai abin da kuke toshe tsaga da shi wanda ya fi kwalta daɗewa, ku faɗa mana sunansa da inda ake samu.