Ba Rashin Na'ura Ne Ya Gurɓata Ruwan Ogoni Ba

Duk lokacin da ɗanyen mai ya malala a teku har duniya ta ɗauka, ba a cika wata guda sai wani ya fito da ƙirƙirar da aka ce ita ce maganin abin. Bayan hatsarin jirgin Exxon Valdez a gaɓar Alaska a 1989, wani mai gyaran gashi a jihar Alabama, Phil McCrory, ya lura cewa gashin mutum yana shan mai, ya cusa shi cikin safa, har hukumar NASA ta gwada dabarar. A 2010 dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meksiko, ma'aikata 11 suka mutu, rijiyar kamfanin BP ta yi kwana 87 tana aman mai. Sai ga ɗan wasan fim Kevin Costner a gaban majalisar dokokin Amurka yana bayanin injinsa, wanda ke juya gurɓataccen ruwa da gudu har mai ya rabu da shi, kuma BP ya nemi a kawo masa guda 32. Aka kuma taso wani ƙaton jirgin dakon mai na wani kamfanin Taiwan, mai suna A Whale, da alkawarin zai haɗiye man da ke saman teku. Da aka gwada shi sai aka sallame shi.

Da gwamnatin Amurka ta yi lissafi, ta ƙiyasta man da ya fita daga rijiyar a kan ganga miliyan 4.9. Abin da dubban jirage suka kwashe daga saman ruwa bai wuce kashi 3 cikin 100 ba.

Masu ƙirƙirar ba maƙaryata ba ne, kuma ka'idar da suka dogara da ita gaskiya ce. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, don haka idan aka bar su suka natsu, shi yakan taso. Duk macen da ta taɓa kaɗa nono ta kwashe man shanu ta san wannan. Injin Costner yana hanzarta abin ne kawai. Matsalar ita ce teku ba ƙwarya ba ce. Cikin 'yan sa'o'i man yakan shimfiɗu ya zama fata siririya mai faɗin kilomitoci, sashe ya bi iska, igiyar ruwa kuma ta cakuɗa sauran da ruwa har ya zama wani abu mai kauri kamar kunu, wanda yake toshe famfo. Kafin jirgi ya iso, abin da injin zai tace ya riga ya watse.

A nan ne abin haushin yake. A lokacin da ake nuna wa 'yan jarida injinan raba mai da ruwa, ana kuma fesa kusan lita miliyan 7 na sinadarin Corexit, wanda aikinsa shi ne farfasa man zuwa ƙananan ɗigo domin ya gauraye da ruwa ya nutse. Akwai hujjar kimiyya a kan haka, domin yana rage man da zai kai gaɓa, amma man da aka narkar a cikin teku babu injin da zai sake kwaso shi. Abin da ya ɓace daga hoton talabijin bai ɓace daga cikin kifi ba.

Na'urar da ta fi kowace amfani a wannan fage ba ta da ɗan wasan fim. Tun 1933 Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta fitar da tsarinta: dogon kududdufi ne na siminti, ruwan matatar mai yana ratsa shi a hankali, mai ya taso a kwashe, laka ta kwanta a ƙasa. Daga baya aka ƙara faranti masu karkata da ke haɗa ƙananan ɗigo su zama manya, da dabarar hura kumfar iska wadda ke ɗauko man zuwa sama. Babu wani sirri a cikinsu, kowane injiniyan matata ya karanta su a makaranta. Abin da suke bukata shi ne mutumin da zai kwashe lakar a kan lokaci, da kuɗin da za a biya shi, da wani na waje wanda zai auna ruwan da ke fita ba tare da tsoron mai kamfanin ba.

Wanda yake shakka ya dubi ƙasar Ogoni. A 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta. A Nisisioken Ogale ta tarar da jama'a suna shan ruwan rijiya wanda sinadarin benzin mai haddasa sankara ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900 a cikinsa, ta kuma tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ta ce gyara zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ta ba da shawarar a fara da dala biliyan 1. Rahoton bai ce a jira sabuwar ƙirƙira ba. Ya nuna bututun da aka yi watsi da su, da wuraren da aka ce an tsaftace alhali man yana nan cikin ƙasa, da hukumomin gwamnati da suka dogara ga kamfanonin mai wajen kai su wurin da za su bincika. Sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin tsaftacewar. Mutanen Bodo, waɗanda mai ya cinye musu wurin kamun kifi a 2008, sai da suka kai ƙara Landan kafin Shell ya amince ya biya fam miliyan 55 a 2015.

Za a ce ai bincike yana ci gaba, kuma haka ne. A gasar da aka yi a 2011 kamfanin Elastec na jihar Illinois ya ci dala miliyan 1 da wata na'ura mai fayafai masu tsagi, wadda ta kwashe galan 4,670 na mai a minti ɗaya. Ci gaba ne na gaske. Sai dai a cikin tankin gwaji aka yi shi a jihar New Jersey, kuma ba shi da abin da zai yi wa man da ya shige cikin taɓon kurmin Neja Delta shekaru da dama da suka wuce.

Arewa ma tana da rabonta a wannan zance. A shekarun da matatar Kaduna take aiki, rafin Romi ne yake karɓar ruwanta, shi kuma yana zubawa a kogin Kaduna. Ruwan majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano ya daɗe yana gangarawa zuwa inda manoman rani suke ban ruwa. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, kuma kowace rijiyar mai tana fitar da ruwa mai gishiri da maiƙo tare da man, wanda yake ƙaruwa yayin da rijiyar ke tsufa. Duk kamfanin da zai zo can zai nuna hoton na'urarsa ta zamani. Abin da sarakunan yankin da 'yan majalisarsa ya kamata su nema a rubuce shi ne inda wannan ruwa zai tafi, da wanda zai riƙa auna rijiyoyin ƙauyukan kewaye, da ma'aunin farko na ruwan nasu tun kafin a fito da ganga ɗaya.