Ba Kullum Ne Laifin Malami Ba

A zangon karatun da ya wuce, wata malama da muka daɗe muna aiki tare ta taso daga wani ƙauye na ƙasar Kebbe ta zo Tambuwal da sassafe, don ta cika wani fom da aka ce sai ta intanet. Kwana uku ta yi tana fama da shi a wayarta kafin ta haƙura ta biya kuɗin mota. Ta cika kowane gurbi, amma maɓallin aikawa ya ɓuya can gefen dama, ya fice daga fuskar wayar, shafin kuma ya ƙi matsawa. A shagon kwamfuta maɓallin ya bayyana, sai wata matsalar ta ɓullo: sunanta Asma'u, shafin ya ce akwai harafin da bai yarda da shi ba. Yaron shagon ya goge 'yar alamar da ke tsakanin a da u, fom ya wuce. Ta biya shi, ta fito tana ce mini, "Malam, mu dai zamanin nan ya wuce mu."

Maganar nan tata ta tsaya mini a rai, domin ba gaskiya ba ce. Matar da ta shekara ashirin tana koya wa yara karatu da lissafi ba ta kasa danna maɓalli ba. Maɓallin ne aka dasa inda hannu ba ya kaiwa. Ga shi kuma yanzu sunan da ke cikin fom ya saɓa da wanda ke kan takardar shaidarta ta NCE. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin tantancewa ya san abin da saɓanin harafi ɗaya kan jawo wa albashi da ƙarin girma.

Mun saba, idan shafi ya ƙi aiki, mu ɗora laifin a kan abu biyu: ko mu ce sabis ne babu, ko mu ce mu ne ba mu iya ba. Akwai na uku da ba mu cika ambata ba, wato wanda ya gina shafin. Gina shafi sana'a ce mai ƙa'idoji rubutattu, kamar yadda koyarwa take da manhaja. Tim Berners-Lee, mutumin Ingila da ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, shi ne ya kafa ƙungiyar W3C a 1994 domin a samu ma'auni ɗaya da kowa zai bi, yadda shafin da aka rubuta a Sakkwato zai buɗu a kowace na'ura. Ƙa'idojin a buɗe suke, kyauta, ba a ɓoye su ga kowa ba.

Shafi kamar ginin ƙasa yake. HTML shi ne tubali da azara: shi ke faɗa wa na'ura cewa wannan kanun magana ne, wannan gurbin suna ne, wannan maɓalli ne. CSS kuwa shi ne yaɓe da ado: launi, girman rubutu, da wurin da kowane abu zai zauna. Matsalar malamar nan ta farko daga yaɓen take. Magini ya auna shafin da faffadar fuskar kwamfutar ofishinsa, ya ɗaure faɗin da lamba, ya manta cewa galibinmu a Dogon Daji da Sanyinna da Kuchi da waya muke shiga. Maganin bai fi 'yan layuka ba: a sanar da shafin faɗin na'urar da aka buɗe shi da ita, a bar gurabe su jeru ƙasa da juna idan wuri ya matse. Matsala ta biyu kuwa ganda ce tsagwaronta. Alamar da ke cikin Asma'u da Sa'adu da Mu'azu tana iya rikita rumbun bayanai idan an yi sakaci wajen rubuta shi, sai wasu magina, maimakon su gyara rumbun yadda ya kamata, su haramta alamar baki ɗaya. Haka ma haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Suna nan cikin Unicode, kundin haruffan duniya, tun da daɗewa. Idan ka ga Ɗahiru ya fito da alamar tambaya ko ɗan akwati a madadin harafin farko, to, ko dai ba a saita shafin a kan UTF-8 ba, ko an zaɓi salon rubutun da ba shi da harafin. Ba wayarka ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan uwanmu masu lalurar gani. W3C tana da kundi na musamman a kan wannan, ana kiransa WCAG. Ya fara fitowa a 1999, aka sabunta shi a 2008 da 2018, sannan a 2023. Makaho yana amfani da intanet ta hanyar manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar na'ura da murya, irin su TalkBack a wayoyin Android, da NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina suke bayar da ita kyauta. Amma manhajar abin da aka rubuta cikin tubalin ginin kawai take karantawa. Idan magini bai ɗaura wa kowane gurbi sunansa ba, sai ta yi ta sanar da mutum cewa ga gurbi, ga wani gurbi, bai san ina ne na suna ina ne na lambar asusu ba. Idan aka ɗauki hoton takardar sanarwa aka liƙa ba tare da rubutun bayani ba, a wurinsa babu sanarwa. Sai ya nemi ɗan jagora, ya karanta masa lambar asusunsa da lambar sirrinsa a cikin shago cike da mutane. Malamin da ya koyar a makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman a Sakkwato, ko ya yaye ɗalibai daga can, ya san wannan ƙasƙanci ba labari ba ne.

Kada kuma a ɗauka makafi kaɗai abin ya shafa. Kundin ya ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1, kuma a iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. Wane ne cikinmu da ya haura hamsin bai taɓa runtse ido yana lalube toka-tokan rubutu a kan fari ba, a tsakar rana cikin watan Afrilu? Ya ce idan mutum ya yi kuskure a faɗa masa da kalmomi inda kuskuren yake, kada a wadatu da mayar da gurbin ja, domin akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore. Ya ce kada lokaci ya ƙare wa mutum ba gargaɗi ba damar ƙari. Wanda ya taɓa kai fom shafi na huɗu, sabis ya ɗauke, ya dawo ya tarar komai ya goge, ya san amfanin wannan ko da idonsa garau yake.

Za a ce, ina ruwan ƙungiyar malamai da wannan, ga batun albashi da fansho da azuzuwa marasa rufi? Amsata ita ce hanyar zuwa albashin ce ta koma ta cikin shafi. JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta tun 2015. Jarrabawar ƙwarewa ta TRCN ma ta kwamfuta ce. Rajistar ɗalibanmu, duba sakamako, neman gurbin ƙaro karatu, duk can suka nufa. Za a kuma ce gyaran yana da tsada. Wani ɓangaren yana cin kuɗi, ban musa ba, musamman idan an riga an yi ginin a karkace. Amma sa wa gurbi suna, ko karɓar sunan Asma'u yadda iyayenta suka raɗa mata, ba ya ƙara wa ɗan kwangila ko sisi. Tsadar tana nan tun yanzu. Mu ne muke biyan ta a kuɗin mota da kuɗin shago, yara kuma su biya da ranar da malami ba ya aji.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta ambaci intanet da suna a sashe na 9. A ganina, shafin da aka wajabta wa ma'aikaci bi kafin ya karɓi haƙƙinsa ƙofar ofis ce, kuma hukuncinsa hukuncin ƙofa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin reshenmu da su sa wannan cikin abubuwan da suke gabatarwa duk lokacin da aka zo da sabon tsari na intanet: a gwada shi a ƙaramar waya da sabis mai rauni kafin a sanar da ranar rufewa, a sa malami makaho cikin masu gwajin, a kuma bar hanyar takarda a buɗe har sai shafin ya ci jarrabawa. Mu da muke koyar da darasin kwamfuta muna da namu aikin. W3C tana da ma'aunin kyauta da ake ba shi adireshin shafi ya lissafo kurakuransa. Awa ɗaya ta isa ɗalibin babbar sakandare ya koyi amfani da shi, ya kuma koyi ajiye linzamin kwamfuta ya zagaya shafi da maɓallin Tab kaɗai, kamar yadda makaho yake yi, ya ga inda zai maƙale.

Kai kuma ɗan uwa, idan shafi ya ƙi ka, kafin ka hau mota, kwantar da wayar a kaikaice, ko ka zaɓi a nuna maka shafin da siffar kwamfuta, ko ka buɗe shi da wata manhajar. Sau da yawa maɓallin da ya ɓuya yakan fito. Ko ya fito ko bai fito ba, ɗauki hoton fuskar wayar, ka rubuta rana da abin da ya faru, ka kawo wa sakataren reshe. Idan kuma an tilasta ka sauya harafi a sunanka, nemi a ba ka shaida a rubuce tun a ranar, ka ajiye ta tare da takardunka.