Ibro Aloko: Fim ɗin da Kotu ta Riga Masu Nazari Saurarensa

A shekarar 2008 kotun tafi-da-gidanka da ke aiki tare da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yanke wa Rabilu Musa, wanda ƙasar Hausa ta sani da Ɗan Ibro, ɗaurin wata biyu. An tuhume shi da tafiyar da kamfanin fim ba rajista, da kuma wata rawa da aka ce ta saɓa wa tarbiyya a cikin fim ɗin Ibro Aloko. Mutumin da ya taɓa sanya kakin ma'aikatan gidan yari kafin ya rungumi wasan kwaikwayo, sai ga shi ya koma gidan a matsayin ɗaurarre. Lokacin kuwa na matsi ne ga masana'antar baki ɗaya, domin tun 2007 aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, aka kuma gurfanar da ƴan wasa da dama.

Shari'ar ce ta raya sunan fim ɗin. Ba don ita ba, da ya bi sahun ƴan'uwansa da aka kalla sau ɗaya aka manta. Ibro Aloko ɗan gidan camama ne, wato fina-finan barkwancin nan masu ƙaramin jari da ake ɗauka cikin ƴan kwanaki, kuma duk wanda ya sake zama gaban irinsu a yau da ɗokin dariyar ƙuruciya, da wuya ya tashi bai ji an rage masa wani abu ba. Labari kan fara ya ɓace a hanya, waƙa ta faɗo inda ba a neme ta ba, sauti ya yi sama ya yi ƙasa, fitowa guda ta yi ta jan ƙafa har abin dariyar ya huce. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wancan zamani ƴan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai suna son sabon kaya da sauri, masu satar fasaha kuma suna jiran fitowarsa, don haka dole mai fim ya mayar da kuɗinsa a kwanakin farko. Suna ake sayarwa: a ɗauki Ibro a liƙa masa abin da duniya ke magana a kai, a sami Ibro Awilo, da Ibro Usama a 2002 wanda ya jawo fushin malamai a Kano, da Ibro Saddam bayansa. A irin wannan gaggawa babu mai zaman rubuta cikakkiyar tattaunawa. Mai ba da umarni ya faɗi abin da zai faru a fitowar, ƴan wasa su cika sauran da bakinsu.

To, a nan ne nake ganin mu ɗaliban kimiyyar harshe muka yi sakaci. Wannan rashin rubutu da ya kassara fina-finan shi ne ya mayar da su taska a wurinmu. Yawancin Hausar da muke ɗora nazari a kanta rubutacciya ce, ta bi ta hannun edita, an daidaita ta, kuma ƙa'idojin rubutunmu ba sa nuna karin sauti ko tsawon wasali. Camama kuwa magana ce ɗanya, da muryarta: katse zance, rantsuwa, habaici, zambo, gatse, sara na matasan birni, jimlar da aka fara ba a ƙarasa ba, sauya harshe a tsakiyar faɗa. Wanda ke son ya ga yadda Bakano ke sarrafa dai da fa da kam da ma cikin husuma, zai fi samun misalai a fitowa guda ta Ibro fiye da babi guda na ƙagaggen labari.

Sai dai kada a ɗauka abin da ke cikin faifan hoton magana ce ta yau da kullum. Wasa ne, kuma wasa yana da ƙari. Babban jarin barkwancin Kano shi ne kwaikwayon bakin wani: Baban Chinedu da Hausar Ibo, Ɗan Gwari da tasa, kamar yadda Samanja ya yi tashe da Hausar bariki a rediyo da talabijin tun kafin zuwan kaset. Abin da irin wannan kwaikwayo ke nunawa shi ne yadda mai birni yake jin maganar wasu, da siffofin da ya zaɓa ya kambama don a yi dariya. Wannan ma ilmi ne, na fannin walwalar harshe, amma wajibi ne mai nazari ya san wanne yake aunawa.

Batun ya fi shafar mu da muka fito daga Tasawa da Mayahi. Fina-finan nan sun shigo mana ta hanyar Katsina da Maraɗi, a kaset, sannan a faifai, aka kalle su a gidajen kallo da zaurukan gidaje, kuma da Kananci suka zo. A wurinmu ana cewa tahi, shina, mishi, ɗiya, a ƙauyuka da dama na yankin Maraɗi har da sunka da munka. A allon kuwa tafi ne, yana, masa, ƴa, suka. Mu mun ari lakwal da lokotoro da mato daga Faransanci, su suna da makaranta da likita da mota. Ko lissafin kuɗi bai zo ɗaya ba: jikarmu ta sefa dala ɗari biyu ce, wato faran 1000, jakar Kano kuwa naira 200. Saboda haka akwai barkwancin da ke tsallako iyaka da ransa, akwai wanda ke mutuwa a Jibiya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, idan ɗan wasa ya so ya fito a baƙauye, sau da yawa bakinsa kan karkata zuwa siffofin da ba na birnin Kano ba, waɗansunsu kuwa su ne maganar iyayenmu. Yaron da ya tashi yana dariyar wannan, me ya koya game da bakin gidansu? Ina zargin cewa wani kaso na kunyar da ɗalibi ɗan Mayahi ke ji idan tahiya ta kuɓuce masa a gaban ɗan Kano daga gidan kallo ta samo tushe, kuma zargi ne da za a iya gwadawa da tambayoyi da na'urar ɗaukar murya.

Lokaci ba ya tare da mu. Ɗan Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014. Kaset yana cin kansa, faifai yana karcewa, abin da ya tsira kuma yana yawo a wayoyi gutsure-gutsure, an yanke farkonsa inda sunayen ma'aikata da kamfani suke, ba shekara ba mai shi. Misalin harshe da ba a san lokacinsa ba rabin amfaninsa ya tafi.

Aikin bai fi ƙarfin ɗalibi mai rubuta kundin kammala digiri ba. Ya nemi tsofaffin masu shagon kaset a kasuwar Tasawa ko ta Maraɗi, ya karɓi fim guda cikakke da kwalinsa, ya rubuta minti goma daga ciki da alamun karin sauti da tsawon wasali. Sannan ya kai wannan minti goman wani zaure a Mayahi, ya kunna wa dattawa daban, matasa daban, ya lura da inda kowane rukuni ya yi dariya, da inda aka yi shiru, da kalmar da sai da wani ya juya ya tambayi na kusa da shi.