Ko bindiga mai tsada za ta kare manoman Kano?

Hare-haren da 'yan bindiga suka kai wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a arewacin jihar Kano a 2025 sun sake ta da muhawara kan mallakar makami domin kare kai.

A Turai da Amurka, masu hannu da shuni kan biya dubban daloli kan ƙaramar bindiga libarba ta alfarma, irin ta kamfanin Korth na Jamus, saboda ingancin ƙarfenta da aikin hannu.

To sai dai galibinsu harsashi shida suke ɗauka, kuma ba sa cin dogon zango, alhali AK-47 da mahara ke riƙewa na ɗaukar 30.

Kazalika dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta haramta riƙe libarba sai da lasisin shugaban ƙasa, yayin da bindigar toka ta mafarauta izinin kwamishinan 'yan sanda take buƙata.

A yankin da ƙauyuka ke dab da juna, kuɗin libarba guda zai fi amfani wajen sayen babura da wayoyi ga 'yan sintiri, domin labari ya isa ga jami'an tsaro tun kafin mahara su iso.