Jirgin da Ya Tashi Ƙafa Bakwai

A shekarar 2007 kafafen labarai na duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks mai shekara 24 a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da hannunsa. Injin na motar Honda Civic ne, kujerun na tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga tarkacen wani jirgin sama da ya faɗi kusa da Kano. Wata takwas ya yi yana aikin, da kuɗin da yake samu a gyaran kwamfuta da wayar salula. Rahotanni sun ce jirgin bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba.

Kafin wani ya yi dariya, ya ji wannan. Ranar 17 ga Disamba 1903, a Amurka, tashin farko na jirgin Wilbur da Orville Wright daƙiƙa 12 ne kacal, tafiyar ƙafa 120. Wa da ƙane ne masu shagon kekuna, babu mai digiri a cikinsu. Injinsu ƙarfin doki 12 ne, na Mubarak kuwa 133. Gaskiya mai saukar ungulu ya fi wuyar sarrafawa nesa ba kusa ba, amma alƙaluman sun nuna ƙarfin inji kaɗai ba ya ɗaga jirgi.

Abin da ya fid da 'yan'uwan shi ne awo. A 1901 suka ga fiffikensu ba ya ɗagawa yadda lissafin littattafai ya ce. Sai suka haɗa akwatin katako mai tsawon ƙafa shida, suka sa fanka tana hura iska ciki, suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200, kowanne suna rubuta sakamakonsa. Aiki ne mai gundura, ba mai tsayawa kallo. Daga waɗannan alƙaluma suka fitar da siffar fiffike, har da farfelar da suka sassaƙa da kansu.

Ko jirgin Air Beetle, da aka haɗa a Kaduna don horar da matuƙan sojan saman Najeriya, asalinsa RV-6A ne, samfurin da Richard VanGrunsven ya zana wa masu haɗa jirgi a gida.

A nan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar ba a rasa yaron da ya iya jirgin kara ko na kwali, ya shafa fenti, ya rubuta suna a jiki. Mukan yaba kyansa mu wuce. Da wuya a ji mai tambayar nauyinsa, ko nisan da ya yi da aka jefa shi.

Ga aiki ga ƙungiyar JETS ta makarantarku. Ku yi jirage biyu na kwali masu nauyi ɗaya, ɗaya da dogon fiffike siriri, ɗaya da gajere mai faɗi. Mutum ɗaya ya jefa kowanne sau goma daga wuri ɗaya, ku auna nisan da tef ɗin tela, ku rubuta. Sannan ku maƙala ɗan ƙusa a hancinsu ku sake. Ku yi a cikin ɗakin taro ko da sassafe, don iskar hunturu tana ɓata awo. Abin da mutum zai hau kuwa, kada ku kusance shi: farfela tana cire hannu. Ku aiko mana da alƙalumanku, tare da sunan makaranta da aji.