Kare Da Kyanwa Ma Suna Da Rabo A Ranar Biki

Ina neman ku ba ni aron hankalinku kaɗan a kan wata magana da yawancinmu muke ɗauka ta wasa ce. Kowace shekara, idan watan Oktoba ya zo ƙarewa, hotuna sukan cika wayoyin jama'a na karnuka da kyanwoyin Amurka an sa musu riguna da huluna, wai ana bikin Halowin. Mutanenmu kuwa sukan rabu biyu. Waɗansu su yi tsaki su ce rashin aikin yi ne, waɗansu samari kuma su ce wannan shi ne ci gaba. A ganina rigar ba abin kwaikwayo ba ce. Amma hotunan nan sun isa su sa mu tambayi kanmu yadda muke yi da namu karnukan da kyanwoyin a ranakun da muke murna.

Shi dai Halowin ana yinsa ne a daren 31 ga Oktoba, watau jajibirin ranar da Kirista suke tunawa da waliyyansu, 1 ga Nuwamba. Asalinsa ya haɗu da wani tsohon biki na mutanen Ayilan da Sikotilan na ƙarshen kaka da shigowar sanyi. Mutanen Ayilan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan babbar yunwar da ta fara a ƙasarsu a 1845, su ne suka yaɗa shi a can. Yau ya zama bikin yara da 'yan kasuwa. Ana fafe kabewa a yi mata ido da baki a kunna kyandir a ciki, yara kuma su yi shigar dodanni su bi gida-gida ana ba su alewa.

Daga baya aka jawo dabbobin gida cikin sha'anin. A birnin New York har jerin gwano ake yi na karnuka masu ado. Ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai kuɗin rigunan dabbobi na wannan biki ya kai dala miliyan 700. Sai dai su kansu likitocin dabbobi na can kullum cikin jan kunne suke. Rigar takan takura dabba ta hana ta sakewa, cakulan da ake rabawa guba ce ga kare, yawan buga ƙofa da baƙin fuskoki kuma kan firgita shi har ya tsere ko ya yi cizo. Ashe ko a wurin masu abin, daɗin na mutum ne, kare dai haƙuri yake yi.

Mu kuwa ba mu rasa irin wannan wasa ba, balle mu je aro. Muna da Tashe. Idan azumi ya kai kwana 10, bayan an sha ruwa, yara sukan fito ƙungiya-ƙungiya. Wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, wani ya hau dokin kara, 'yan mata kuma su ɗauko ƙwarya da ludayi. Su bi gida-gida, a yi dariya, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Idan ado ga dabba ake so, wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla a Ƙaraye ya ga dawaki da jalala da linzami mai ƙyalli, ya san mun iya tun kaka da kakanni. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

To, amma fa doki na sarauta ne da masu hali. Dabbobin da suke yi wa talaka aiki dare da rana su ne kare da kyanwa. Ƙasarmu ta Ƙaraye da Rogo ƙasar noma ce. Daga Yammedi da Kurugu har zuwa Zarewa da Beli, da wuya ka shiga gidan manomi ba ka ga rumbu ko ɗakin ajiyar dawa da masara da gyaɗa ba. Wa yake tsaron wannan hatsi daga ɓera? Kyanwa ce, ba ta karɓar lada, ba ta kuma bar guba a cikin abincin da za mu ci ba. Kare kuma shi ne mai gadin unguwannin da suke nesa da gari, shi yake bin makiyayi da garkensa, shi yake shiga gaba idan maharba sun fita farauta da rani. Ɓarawon akuya ya fi tsoron haushin kare da kwaɗon ƙofa.

Ku dubi sakayyar da muke yi musu a lokacin biki. A dararen Tashe yara sukan doshi gidan da yake da kare da ganguna da ihu. Kare ya ga baƙin fuskoki ya yi haushi, wanda shi ne aikinsa, sai a rufe shi da jifa. Waɗansu ma sukan ɗaura wa kwikwiyo gwangwani a wutsiya su bi shi da gudu, wai nishaɗi. Da Salla kuma ga abubuwan fashewa da yara suke jefawa, kuma kunnen kare da na kyanwa sun fi namu ji nesa ba kusa ba. Ranar da gida ya cika da nama da miya, ranar ce kyanwa ta fi shan muciya don ta matso kusa da murhu, alhali tun safe babu wanda ya tuna ya jefa mata ko tsoka ɗaya.

Baƙar kyanwa ita ce ta fi shan wuya. A nan an ce aljana ce, ko kuwa maye ne ya rikiɗa, sai ka ga yara sun bi ta da duwatsu da magariba. Abin mamaki, Turawa ma sun daɗe da irin wannan camfi, shi ya sa hotonta yake cikin kayan Halowin tare da na mayya. Mu da muke karanta ilmin halittu a aji mun san baƙin gashi gado ne daga iyaye, kamar yadda akuya take fitowa ja ko fara. Ido mai ƙyalli da dare kuma wani shimfiɗi ne a can cikin idon da yake mayar da haske don ta ga ɓera a duhu. Ɗalibin da ya san wannan bai kamata a same shi cikin masu jifa ba.

Na san wani zai ce addininmu bai yarda da wasa da kare ba. Gaskiya ne malamai sun hana ajiye kare haka kawai don sha'awa, sun kuma koya mana a wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7. Amma su ne kuma suka karantar da mu cewa an halatta karen farauta da na kiwo da na gona. A makarantar allo da Islamiyya mun ji labarin mutumin da Allah ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Sahabin nan da ya ruwaito hadisai masu yawa, Abu Huraira, laƙabinsa ma daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samo shi. Babu inda aka ce wanda ba ya ajiye kare ya jefe shi, balle a cikin watan azumi da ake neman rahama.

Wani kuma zai ce mutane ma ba su ƙoshi ba, ana zancen kare. Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi, amsarta kuwa ita ce lafiyar kare lafiyarmu ce. Akwai ciwon haukan kare, wanda yake shiga jikin mutum ta yawun dabbar da ta kamu idan ta yi cizo ko yakushi. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin yake shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, watau tsararrakin ƙannenmu masu yawon Tashe. Karen da aka bari da yunwa shi yake yawon bola yana faɗa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba, sa'an nan ya dawo gida cikin yara.

Maganin abin kuwa sananne ne tun da daɗewa. Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo a 1885, ranar rasuwarsa ce ma, 28 ga Satumba, aka mayar ranar yaƙi da ciwon a duniya tun 2007. A nan gida, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin kowane 100 na gari allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Rigakafi dai ya fi magani.

Saboda haka ga roƙona. Iyayenmu masu kare, ku kai shi wurin ma'aikatan lafiyar dabbobi tun yana wata 3, a kuma riƙa sabunta allurar kowace shekara. A dararen Tashe da ranakun Salla a ɗaure shi a bayan gida da ruwa a gabansa, kada a bar shi a ƙofar zaure. Ranar layya a ware wa kare da kyanwa ɗan rabonsu daga abin da za a zubar, amma ban da ƙashin kaza dafaffe da yake tsagewa ya soke su, ban da abin da aka cika wa albasa, don tana cutar da jininsu. Idan tsautsayi ya sa kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a tsaya shafe-shafe ana jiran a ga abin da zai faru.

Mu kuma ɗalibai, yawancinmu mu ne manya a cikin 'yan Tashen unguwarmu, ƙanana kuwa abin da suka ga mun yi shi suke yi. Idan azumi ya zo, kowa ya zama sarkin ƙungiyarsa, ya kafa doka cewa ba jifan kare, ba bin kyanwa, gidan da aka ji haushi a tsaya daga nesa a yi sallama. Yaron da ya saba jin daɗin kukan kwikwiyo, da wuya ya girma da tausayin na ƙasa da shi.

Karnukanmu da kyanwoyinmu ba su roƙe mu riga ko hula ba. Abinci da ruwa da allura da sakin fuska sun ishe su biki. Allah ya sa mu zama masu jinƙai ga abin da aka ba mu amana, amin.