Filin 'Yan Makaranta: Aro a Turance

Yau a ajiye littattafan soyayya tukuna, mu taɓa Turanci. Ko darasi takwas kika ci a WAEC, in babu kiredit a Turanci, jami'a sai dai ki hango ta daga bakin ƙofa.

To ga gwaji. Kina son ƙawarki ta ba ki aron biro, me za ki ce? Na san da yawanku "borrow me" za ku ce, don mu a Hausa kalma ɗaya ce: ara mini, na aro. Bature kuwa ya raba su. Mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". Sai ki ce "lend me".

Saurayin da ya rubuto miki "borrow me your heart" kuwa, mayar masa da wasiƙarsa ya gyara.